Ranar Da Na Kwashe Jeren Luba

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar bikin Luba ba, kuma ko na so mantawa 'yan'uwana ba za su bari ba. Don haka gara ku ji daga bakina, domin in wata ta riga ni ba ku labarin, sai ta ƙara masa gishiri, alhali wanda ke ciki ma ya isa.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga katin biki da ke Sama Road. Ni ce mai zama gaban kwamfuta, in tsara katin gayyata, kalandar rabon biki, da sitikar da ake mannawa a jikin bokitai. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, har mutane kan zo su ce ni suke so in yi musu. Wannan yabon shi ya fara kumbura min kai. Abin da ya ƙarasa ni kuwa shafukan masu adon gida ne da na shiga bi a waya. Kullum in na samu sarari ina can ina kallon ɗakunan mutanen wasu ƙasashe: bango fari fat, kujera ɗaya, taga buɗe, sai wani tulu a lungu da busasshiyar ciyawa a ciki. Shi ke nan, an gama ado. Ni da na tashi a Unguwar Rogo, a ɗakin da in za ka ɗauko allura sai ka sauke kwalla uku, sai na ji kamar duk rayuwata a cikin sito aka raine ni.

Har wata magana na tsinto a can na mayar da ita tawa. Duk wanda ya zo yana son a cika masa kati da ruwan zinare da furanni, sai in gyara zama in ce, "Ido yana buƙatar wurin hutawa." (Yawancinsu sukan gyaɗa kai, sannan su ce in ƙara furen.) Na buɗe nawa shafin na adon gida, na sa masa suna mai daɗi, amma babu hoton aikina ko ɗaya a ciki, don ba wanda ya taɓa ba ni ɗakinsa. Ɗaki nake nema ido rufe.

Ana haka aka sa ranar auren Luba, 'yar Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina. Sai na ɗan yi bayanin Gwaggo kafin ku gane girman abin da na aikata. Mijinta ya rasu tun Luba tana firamare, ita kaɗai ta riƙe ta da dakan fura da tallan zannuwa gida-gida. Tun daga lokacin take tara kayan ɗakin Luba. Yau kula, wata mai zuwa tangaran, bayan salla kafet. Ƙarƙashin gadonta babu masaka tsinke, wasu kayan ma a gidajen maƙwabta take ajiye su. Mu da muke yara muna yi mata dariya, muna cewa Gwaggo ta fi son kwanonin nan a kan 'yar da za a ba su.

Angon, Nasiru, ma'aikacin gwamnati ne, danginsa 'yan Arkilla, masu abin hannunsu. Ana saura 'yan makonni biki, sai magana ta iso mana cewa gwaggonsa, Hajiya Ige, wadda ita ce babba a matan gidansu, ta ce, "Ɗiyar Unguwar Rogo ta, kar a matsa musu. Abin da sunka samu su kawo, mu cika sauran." Magana ce mai kama da tausayi, amma duk macen da ta taɓa aurar da 'ya ta san mari ce. Maganar ta kai kunnen Gwaggo. Ta dai ɗaure fuska, ta shiga aika a karɓo mata ajiyarta daga gidaje. Amsarta tana nan cikin kwalaye, ranar ganin ɗaki kawai take jira.

Ranar Alhamis muka tafi jere gidan da ango ya kama a Arkilla, mu mata zalla, mota biyu ta kaya. Aka shiga aiki. Aka kafa gado, aka jingina madubi, aka shimfiɗa kafet, aka ɗora wani ƙarami a kansa. Kujeru suka zagaye falo har suna gogar juna. Aka tsayar da shogilas, aka cika shi da tangaran tun daga sama har ƙasa, aka jera kuloli bisa kansa daga babba zuwa ƙarama. Tasoshin jan ƙarfe na kakarmu, waɗanda Gwaggo ta kwana biyu tana gogewa da toka da lemun tsami, aka ba su bango guda. Faya-fayai masu launi suka hau wani bangon. Kowa na guɗa, ni kuwa ina tsaye ina jin kamar ana cusa min kayan a maƙogwaro.

Da na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, da an rage kujerun ga, da hwalon ya hi kyau."

Ko kallona ba ta yi ba. "Ke, ba shawara munka kira ki ba. Miƙo min ƙusa."

Na miƙa ƙusa. Da a nan na tsaya, da yau ina cikin mutane masu daraja.

Abu ɗaya ne bai samu ba ranar, labule, don tela bai gama ba. Shagonsa kuwa kusa da wurin aikina yake. Sai aka ce ni zan karɓo da safe in je in rataya, aka danƙa min makullan gidan. Da yamma na kira Luba, wadda ke cikin lalle, ƙawaye sun cika mata kunne da hayaniya. Na ce mata ina so in ɗan gyara wasu abubuwa in na je. Ta ce, "Yaya, ki yi duk yadda kig ga ya yi kyau, ni kaina ka ciwo." Labule take nufi, baiwar Allah. Ni ma a ƙasan raina na san labule take nufi. Amma na ɗauki maganar na riƙe gam, kamar izini daga alƙali.

Ga yadda na tsara abin a kaina, don kada ku ce ba ni da hankali gaba ɗaya. Sai Asabar za a kai amarya, dangin ango kuma sai bayan nan za su zo ganin ɗaki. Zan kwashe kayan, in shirya falon yadda ya kamata, in ɗauki hotuna in sa a shafina, sannan in kira Gwaggo ta zo ta gani. Na tabbata tana gani za ta riƙe baki ta ce ashe haka duniya ta ci gaba. In ma ba ta so ba, a mayar. Ko kaɗan ban ga inda matsala za ta fito ba.

Da sassafe na rataya labule, na fita bakin titi na samo masu dako biyu. A cikin makullan akwai na wani sito a bayan gida, kusa da tankin ruwa, wanda jiya ba wadda ta kula da shi. Can na sa suka kai komai. Shogilas da tangaran ɗinsa, kuloli, tasoshi, faya-fayai, kafet biyu, kujeru duka sai ɗaya. Na shiga uwar ɗaka ma na rage mata nauyi, na bar gado da madubi. Ɗaya daga cikin masu dakon ya tambaye ni ko an fasa auren ne. Na yi masa murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai waye ba. Zafin Sakkwato ya sa na leƙa gidan maƙwabta na roƙi ruwa, wata malamar makaranta da ake kira Maman Rahila ta ba ni mai sanyi, na gode na dawo.

Da suka tafi na goge ƙasa tas. Falo ya zama kujera ɗaya, tumtum na fata ɗaya, farin labule, da wani tulun ƙasa da na ajiye a lungu. Wallahi ya yi min kyau, har yau ba zan yi ƙarya ba. Na yi ta ɗaukar hoto har wayata ta mutu, ga shi ba wuta. Sai dai tulun nan ya tsaya min a rai, don babu busasshiyar ciyawar da ake sa masa. Ina za ni in samo irinta a garin nan? Can dabara ta faɗo min: zangarniyar gero. Na ji kamar in tafa wa kaina. Ga zamani, ga gargajiya. Na bar ƙofar falo a buɗe don ƙasa ta bushe, na ja ƙyauren gida, na tare kabu-kabu na tafi neman gero.

Abin da ban sani ba shi ne, Gwaggo ta kasa jiran Asabar. Maganar Hajiya Ige ta daɗe tana cin ta, ga jere ya yi yadda take so. Sai ta aika wa Hajiya cewa ta zo da 'yan'uwanta da hantsi su sa wa ɗaki albarka. Ta sha atamfarta ta biki, ta ɗauki ɗayan makullin ƙofa da ke wurinta, ta taho gaba suna biye, don ta buɗe musu ƙofa da hannunta.

Na dawo rungume da damin gero kamar jariri, na hango mutane cirko-cirko a ƙofar gida, ana ta salati. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na kutsa ciki. Gwaggo tana zaune a ƙasa a baranda, mayafinta ya zame, ɗankwali ya karkace. Ba kuka take da murya ba, ta dai ƙura wa falon ido, hawaye na zuba, bakinta na motsi. Ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da mijinta ya rasu. Wata dattijuwa mai jiki, da zoben zinare a kusan kowane yatsa, tana yi mata fifita da gefen mayafi. Ba sai an gaya min ba, Hajiya Ige ce.

"Kulu, ki yi haƙuri," in ji ta. "Ɓarayin zamanin ga ba su da imani. Allah shi mayar da alheri. Mu mun ga niyya."

A bayana kuma na ji wata daga cikin dangin ango ta rage murya tana ce wa 'yar'uwarta, "To wa yag ga kayan dama? Ɓarawo na sata shi tsaya goge ƙasa?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Ba ɗaki na gyara ba, hujja na ba masu cewa ba mu da komai.

Zan faɗa muku gaskiya, tunda na fara. Na ɗan tsaya ina lissafin ko in sulale in fita, in dawo da dare in mayar da kayan, a wayi gari a ce aljanu ne. Har na fara ja da baya. Wani ɗan banga da aka kira yana tsaye da gora yana tambayar wa ya ga shigowarsu, Maman Rahila tana ba shi labari da hannu da ƙafa, cewa ta ga maza biyu ta taga suna fita da kafet, ta ɗauka masu gida ne suka aiko su. Tana juyowa muka haɗa ido.

"Ai ga ta nan!" Ta nuna ni da murna, ita a ganinta taimako take. "Wannan anti ce ta kawo su. Har ruwa na ba ta."

Gaba ɗaya tsakar gidan ya juyo. Ku zana hoton a ranku: ni, gumi ya jiƙe min hijabi, ƙaiƙayi ya manne min a fuska, rungume da gero, mata sun kai ashirin suna kallona, ga ɗan banga ya gyara riƙon gora.

Na ce, "Gwaggo, ba sata ba ta. Ni nik kwashe su."

Hajiya Ige ce ta amsa. "Kik kwashe su kik kai ina?"

"Sito, Hajiya. Nan bayan gida."

"Don mi?"

"Don ado."

Ta leƙa falon, ta dawo da kanta a hankali, ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Yarinya, ina adon?"

A nan ya kamata in yi shiru in fashe da kuka, da an ce ƙuruciya ce. Amma bakina ya saba. Na ji kaina ina cewa, "Shi na wanga, Hajiya. Hilin. Don ido shi samu wurin hutawa."

"Ido?" in ji ta. "In ido ya gaji ai runtsewa akan yi, ba kwashe kayan mutane ba. To geron ga hwa?"

"Cikin tulu za ni sa shi."

Ta dubi geron, ta dubi tulun, kamar mai son ta yi min adalci. Sannan ta ce, "Amarya za a kawo ɗakin ga ko tantabaru?"

Ɗan bangan ne ya fara. Ya juya baya yana riƙe ciki, kafaɗunsa na rawa. Daga nan dariya ta ɓarke, har da waɗanda suka gama share hawaye yanzu. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta, ta zo gabana ta buɗe tafin hannu. Na sa mata makullai. Ta zagaya baya, muka ji ƙarar kwaɗo, sannan muka ji ta ce "Alhamdu lillahi" da wata murya da ta sa dariyar ta tsaya cak.

Ranar an yi jere karo na biyu, wannan karon har da dangin ango, abin da ba a saba ba. Hajiya Ige ta ɗaure mayafi a ƙugu ta ce ba inda za ta sai ta ga komai ya koma. Duk abin da aka fito da shi sai ya bi ta hannunta. Da aka zo kan tasoshin kakarmu ta juya ɗaya ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Kulu, wagga ai ta dauri ta, yanzu ko da kuɗinka ba ka samu." Gwaggo ta ce "Uhm" kawai, amma na ga kafaɗunta sun ɗan sauka. An tarar gilashin shogilas ya tsage a gefe, aikin masu dakona, aka rufe wurin da ƙyallen saƙa. Ni kuwa an ce in zauna a tsakar gida kada in taɓa ko cokali. Geron, Maman Rahila ta roƙa don kajinta, na ba ta har da godiya.

Da a nan abin ya ƙare da sauƙi. Amma kafin in dawo daga neman gero waya ta riga ta yi aikinta. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, rabin Unguwar Rogo sun ji an yi wa Luba sata. Zuwa la'asar labarin ya canza kaya, ya zama wai dama babu komai, satar ƙirƙira aka yi don rufin asiri. Wannan shi ya fi ƙona min rai, don na san daga ina ya fito, kuma ni na ba shi ƙafa. Bayan an kai amarya, Gwaggo ta yi kwanaki tana zirga-zirga Arkilla, duk wadda ta zo mata jaje sai ta sa ta a keke ta kai ta ta gani da idonta. Matar da ya kamata ta zauna ana zuwa yi mata barka, ita ce ta koma bin mutane tana kafa shaida.

Luba ta yafe min tun a daren kai ta, tana dariya a ƙarƙashin mayafi. Gwaggo ce na kasa tunkara. Sai da biki ya watse na sayi goro na tafi, na same ta tana daka, na durƙusa na ce zan canza gilashin.

Ta jingina taɓarya. "Ba gilashin ka damuna ba," in ji ta. "Tun ran da babanta yar rasu, mahwarki guda nika yi. A kai Luba gidan mutane, a buɗe ɗaki, a iske ba komi. In hwarka cikin tsoro in duba ƙarƙashin gado. Shekara da shekaru haka. Ke ko kit tashi da sahe kis shirya min shi da hannunki, har da goge ƙasa."

Na yi kuka sosai, irin mai majina. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tura min turmi da ƙafa ta ce tunda ina son gero haka, in ƙarasa mata dakan.

Hotunan suna nan a wayata, ban taɓa sa su a shafin ba, ban kuma iya goge su ba. Har gobe ina son farin ɗaki mai fili, kuma yanzu ina samun masu ba ni aikin adon gida jefi-jefi. Abin da na koya dai shi ne, jere magana ce da uwa ke yi da kwano da kafet, wadda ba za ta iya faɗa wa surukai da baki ba, kuma ba a katse ta don mutum yana son hoto. Kafin in matsar da ko faranti a gidan wani yanzu, sai na tambayi wa ya saya, kuma shekara nawa ya yi yana jiran a gani.

A dangi ana gayyatata jere har yau, don zumunci ya fi ƙarfin wannan. Sai dai aikina ɗaya ne, gadin takalma a bakin ƙofa. Su ma Gwaggo takan leƙo lokaci-lokaci ta tabbatar suna nan.